Firintar leza mai tona (garin tawada) ko mai tankin tawada: wacce za ta yi a kan inbata?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar masu gyaran firinta.

Ofis ne na mutum huɗu a Garki, Abuja. Muna buga shafi kusan 1,500 a wata, yawanci baƙi da fari, rasit da wasiƙu, sai hoton takarda jefi-jefi. Matsalar ita ce wuta. Inbatarmu 1.5kVA ce, kuma firintar leza da muke da ita tana kashe ta da zarar hitar da ke manna tona a takarda ta fara zafi, don a lokacin take fizgar wuta da yawa.

A kasuwar kayan lantarki ta Banex an nuna mana firinta mai tankin tawada, Epson L3250, wadda ba ta cin wat 20 ma. Abin da ya tsayar da mu biyu ne: tawada irin wannan tana bajewa idan ruwa ya taɓa takarda, kuma kan da ke fesa ta yana toshewa idan aka bar shi makonni ba aiki, balle ga ƙurar hunturu.

Shin buga shafin gwaji duk mako ya isa ya hana toshewar? Ko mu ƙara girman inbata mu zauna a kan leza? Don Allah wanda ya gwada duka biyun ya faɗa mana.