Ƙafafun jaririna a murɗe suke: asibiti ko mai ɗori?

Wata mai jego, Garwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa mata. Jiya aka yi sunan ɗana. Ƙafafunsa duka biyu a murɗe suke ciki, tafin na kallon juna. A asibiti sun ce a fara naɗa masa siminti, daga baya takalmi mai ƙarfe. Surukata kuma ta ce kwanciyar ciki ce, a riƙa gasawa da ruwan ɗumi, in mun yi arba'in a kai wa mai ɗori. Ga zafin garin nan. Ya zan yi?

Ma'aikaciyar jinya, Marwa:
Barka da arziki, ƙanwata. Kada ki jira arba'in. Ba karaya ba ce balle a ɗora, jijiyoyi ne suka ɗaure, kuma yanzu ne suke da taushi. Kusan jariri 1 cikin 1,000 haka ake haifarsa. Hanyar Ponseti ake bi, sunan likitan da ya fito da ita a Amurka. Duk mako za a lanƙwasa ƙafar a hankali a sake siminti, daga yatsu har cinya, kamar sau 5 zuwa 8. Yawanci sai an ɗan tsaga jijiyar dunduniya, aikin 'yan mintoci, sannan simintin ƙarshe ya yi mako 3. Ki riƙa duba yatsunsa: in sun kumbura, sun yi sanyi ko sun canja launi, ki koma a ranar.

Maman 'yan biyu, Ngaundere:
Simintin ba shi ne aikin ba, takalmin ne. Awa 23 a rana har wata 3, sai wanka kawai ake cirewa, daga nan dare da barcin rana har ya shekara 4 ko 5. Daren farko tawa ta hana gida barci, kakarta har da hawaye, wai a cire. Na ƙi. Yawancin waɗanda ƙafar ke komawa, a nan iyayen suka karaya. Safar auduga mara kauri, dunduniya ta zauna daram a ciki. Goyo ma yana yiwuwa, zanin dai ya zama mai faɗi. Yau ga ta can tana tsalle-tsalle.

Wata Hajiya, Kuseri:
'Yata, kada ki yi musu da surukarki. Ranar sa siminti ki ce Inna ta raka ku, ta ji daga bakin likita. Allah ya raya mana shi.

Mai jego:
Amin Hajiya, na gode muku. Babansa ya ce Litinin za mu je, da Inna.