Tayoyin gaban Golf GTI na cinyewa ta ciki, ina matsalar take?

Assalamu alaikum, ogannin kanikawa, a taimaka da shawara. Golf GTI ce mai jan gaba, taya 225/45 R17, tana zirga-zirga tsakanin Ringim da Dutse, da ɗan ratse a burji. Sabon zane yakan kai kusan milimita 8, amma na gaba ba sa cika kilomita 15,000 sai gefen ciki ya sauka zuwa 1.6, alhali gefen waje da sauran ransa. Na baya kuwa lafiya lau.

Iska na kan PSI 33, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta yi zafi. An yi alaimen, an canza tayrod, sitiyari ba ya ja. In ka shafa zanen da tafin hannu, ta ɗaya ɓangaren santsi, ta ɗayan kaifi kamar zarto, abin da ke nuna bakin tayoyin a buɗe yake, wato gabansu na kallon waje. To me ke sake buɗe shi? Bushin ɗin hannun ƙasa (robar ƙarfen da ke haɗa taya da jikin mota) nake zargi, don ɗan Beljiyam ne, kuma ramuka ba sa raga masa.

A fara canza bushin, ko a duba kwanciyar taya tukuna? Kuma juya na baya zuwa gaba duk kilomita 8,000 zai rage asarar?