Kuɗin ƙaramar hukuma a gasar unguwa: haƙƙinmu ne ko almubazzaranci?

Sakatare: Assalamu alaikum jama'ar gida. Kamar yadda kuka sani yaran unguwa suna so a maimaita gasar ƙwallo ta bayan Sallah, layi takwas kamar bara, sai musabaƙar yara ranar rufewa da safe. Mun rubuta takarda za mu kai ƙaramar hukuma neman tallafi, rumfa da kujeru da lasifika da kofi da ɗan abin da za a ba alƙalan wasa. To jiya bayan isha'i Kawu ya tare ni a ƙofar masallaci ya ce shi bai yarda ba, wai kuɗin ƙaramar hukuma ba na wasa ba ne, duk kwabon da ta zuba a taron unguwa almubazzaranci ne. Na ce bari in kawo nan kowa ya tofa albarkacin bakinsa kafin Litinin.

Kawu: Wa alaikumussalam. Eh ni na faɗa kuma ban janye ba. Ku leƙa kwatar bayan gidana ku gani, tun damina biyu da suka wuce ta toshe, ruwa kaɗan sai ya shigo mana har tsakar gida, bolar bakin makabarta ta kusa cinye hanya, ajin 'yan firamare uku rufinsa ya yaye yara na zaune suna kallon sama. Duk wannan aikin ƙaramar hukuma ne ba ta yi ba, sai mu kuma mu ɗauki ƙafa mu je mu ce a ba mu kuɗin kofi? In sun ba ku ma rufe muku baki suka yi.

Koci: Kawu Allah ya ƙara girma, amma don Allah shekara nawa muka yi ba mu nemi kuɗin kofi ba, an gyara kwatar? Ba gasarmu ce ta toshe ta ba ai.

Kawu: Ɗana ban ce ku kuka toshe ta ba. Cewa na yi wanda ake bi bashin buhu ba a zuwa a roƙe shi kwano.

Koci: To ni dai abin da na gani da idona zan faɗa. Bara sati biyu muka yi ana wasa, daga la'asar har magariba babu yaron da yake zaune a lungun nan da kuka sani, har waɗanda iyayensu suka sallama sun zo, ɗaya ma shi ya tsare mana raga a wasan ƙarshe kuma wallahi ranar har kuka ya yi da aka kira sunansa a lasifika, yaron da in an kira sunansa a unguwar nan sai dai in waya aka ƙwace. Tashe an sha hana shi a garin nan na Kano saboda 'yan daba, hawan Sallah ma an soke shi a babbar Sallah ta 2024 saboda rikicin masarauta, yara sun ɗinka kaya ba inda za su. In ba a buɗe musu fili ba ina ake so su nufa?

Maman 'yan biyu: Ni wannan ta Koci na yarda da ita. Mu da muke gida mun san bambancin ranar da akwai wasa da ranar da babu. Kuma ba ku lissafa ciniki ba, ni awara da zoɓo na kai bakin fili, maƙociyata ɗanwake, abin da na samu a sati biyun nan da shi na sai wa yara takalman makaranta.

Ɗan Auta: Hhhh Mama kenan, ashe ke kina da hannun jari a gasar shi ya sa.

Maman 'yan biyu: Kai dai ka biya ni bashin zoɓo na bara tukuna kafin ka sa baki a maganar manya.

Tsohon Akawu: Bari in ɗan sa baki tunda na yi shekaru a ofishin kuɗi na ƙaramar hukuma kafin in yi ritaya. Kawu yana da gaskiya ta wani ɓangare. In ka buɗe tsarin mulkin 1999, jadawali na huɗu, ayyukan da aka lissafa wa ƙaramar hukuma su ne kasuwa, tasha, mayanka, makabarta, kwashe shara, hanyoyi da magudanan ruwa, rajistar haihuwa da mutuwa, sa wa tituna suna, sai haɗa hannu da jiha a ilimin firamare da lafiya. Ba a rubuta gasar ƙwallo ba. Amma a ciki akwai wuraren shaƙatawa da filayen jama'a, kuma a kasafin kuɗi akwai kan da ake sa wa matasa da wasanni da raya al'adu, ni da hannuna na sha rubuta bauca a kansa. Wato kuɗin nan ko kun nema ko ba ku nema ba an ware shi a takarda, kuma ƙarshen shekara za ku ga an rubuta an kashe. Tambayar ita ce a kan wa aka kashe.

Kawu: To Alhaji ka ga kai ma ka faɗa, cinyewa ake yi.

Tsohon Akawu: Shi ya sa nake ganin ƙin nema ba ya hukunta kowa Kawu, sauƙi ma yake musu. Amma kuma kada yara su ɗauka akwai wani rumbu cike a can. Daga asusun tarayya ƙananan hukumomi 774 kashi 20.6 cikin ɗari suke rabawa, jihohi 26.72, tarayya 52.68. Kuma shekara da shekaru kuɗin ba ya sauka kai tsaye, sai ya bi ta asusun haɗin gwiwa na jiha, a cire albashin malaman firamare, a cire na ma'aikatan lafiya, fansho, kason masarauta, a cire na ayyukan haɗin gwiwa, abin da zai iso teburin ciyaman wani watan in ya biya albashi ya sai man janareta shikenan an tashi. Na ga watan da takardar rubuta wasiƙa sai da muka aika aka ranto.

Ɗan Auta: Amma Baba ba kotu ta ba su 'yanci ba? Ni na ji a rediyo an ce yanzu kuɗinsu kai tsaye.

Tsohon Akawu: Kotun ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli 2024, ƙarar da ministan shari'a Lateef Fagbemi ya shigar, ta ce a riƙa tura musu kasonsu kai tsaye kuma kada a ba kantomomin riƙo, sai zaɓaɓɓu. Shi ya sa ka ga jihohi suka yi ta rububin zaɓe, mu nan Kano aka yi na ƙananan hukumomi 44 a Oktoban shekarar. Amma hukunci daban, aiwatarwa daban, an yi ta jan ƙafa a kai. Kuma ciyaman ɗin da gwamna ya ɗauko ya tsayar, ko kuɗin ya faɗo aljihunsa kai tsaye ka san ina zai fara kallo kafin ya taɓa.

Ɗan Auta: To ni matsalata ba ma wannan ba ce. Kun manta shekarar da wani ɗan siyasa ya ɗauki nauyin gasar? Jesi ya zo da hotonsa a ƙirji har da hula, an ce za a fara ƙarfe huɗu muka zauna a rana har kusan shida ana jiran mai girma, da ya zo maroƙa suka karɓe lasifika, wasan ƙarshe minti ashirin-ashirin aka buga don magariba ta kawo kai, layin da ba sa jam'iyyarsa kuma aka ce sun makara da rajista. Kuɗin da ya yi alkawari a bainar jama'a har yau rabinsa ake bi. In haka za a sake gara mu yi karo-karonmu, ɗari biyar biyar, mu sai kofin roba mu huta.

Koci: Wannan ai aljihun mutum ne ba na hukuma ba.

Ɗan Auta: Koci a garin nan ina bambancin? Kuɗin hukuma ne zai fito, kansila ya riƙo shi a ambulan ya miƙa maka a gaban kyamara kamar gonarsa ya sayar.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum, ku yi haƙuri baƙo ya sa baki, ko da yake shekarata goma sha a unguwar nan na wuce baƙo. Mu can Nijar kokowa hukuma ke riƙe da ita ba a ɓoye ba. Takobin ƙasa, wato gasar kokowa ta ƙasa baki ɗaya, tun 1975 aka fara shi a Tawa, kowace shekara jiha guda ke karɓar baƙi, kuma tun daga ƙauye ake zaɓen 'yan kokowa ana hawa har a kai ga na jiha, da hannun ma'aikatun magajin gari a ciki. Ba wanda ke cewa ɓarna ce, ranar wasan ƙarshe ko kasuwa sai ta yi shiru kowa na gaban talabijin. Amma kar in yi muku ƙarya, maganar Ɗan Auta can ma akwai ta, mai ba da kuɗi shi ke zama kujerar gaba. Kuma tun Afrilun 2024 sojoji sun rushe zaɓaɓɓun majalisun, naɗaɗɗu ne ke riƙe da garuruwa, to wa za ka tuhuma in bai ba unguwarku ba?

Malam: Assalamu alaikum. Na ga an sa musabaƙa a cikin takardar, shi ya sa zan yi magana. Kalmar almubazzaranci tana da nauyi Kawu, ita ce sa dukiya inda bai dace ba. Tara yara a fili a hana su shaye-shaye ban ga yadda za a kira shi haka ba, matuƙar an tsaya an yi sallah a kan lokaci kuma ba caca a gefe. Inda nake tare da kai shi ne fifiko, in kuɗi ɗaya ne tak kuma aka ce ko rufin aji ko kofi, to rufin aji. Sai dai Alhaji ya nuna mana ba aljihu ɗaya ba ne. Ni roƙona a cire musabaƙa daga ciki, iyayen yara sun saba ɗaukar nauyinta, bana so ranar a kawo mini wani ya tsaya yana jawabin siyasa a kan allunan yara.

Kawu: Allah ya gafarta Malam, na karɓi gyara a kan kalmar. Amma mu da muka taso, zamanin En'e da bayansa, wa ya taɓa ba mu kuɗin langa ko dambe? Gayya muke yi, mai unguwa ya yi shela a fito a share fili, mahauta su kawo nasu, mai goro ya kawo goro. Yanzu an koya wa yara komai sai an rubuta takarda, ranar da hukuma ta ce babu sai gasar ta mutu.

Maman 'yan biyu: Kawu lokacin kwanon masara nawa? Tun da aka cire tallafin mai a 2023 wa ke da rarar da zai bayar, bara ni na zaga gidaje karɓar karo-karon mata, akwai gidan da na shiga na fito ban iya buɗe baki ba don na ga tukunyarsu a kife take da azahar. Kuma harajin da ake karɓa a wajen masu shago da masu teburi a bakin titi fa, ba namu ba ne? In an dawo mana da kaɗan a rumfa da kujeru ba sadaka aka ba mu ba.

Tsohon Akawu: To ga shawara. Kada ku nemi tsabar kuɗi, nan ne ake yanka. Ku nemi abu da sunansa: a turo gireda ta baje filin firamare, a kafa turakun raga na ƙarfe, rumfa biyu da kujeru na kwana ɗaya. Fili in an baje shi 'yan makaranta za su mora shekara guda. Takardar ta fito da sunan ƙungiyar unguwa mai rajista, mai unguwa ya sa hannu, a kai ofishin ci gaban al'umma a buga muku hatimin karɓa a kwafinku, kada ku miƙa wa kowa a mota ko a gidan biki. Abin da aka bayar kuma Sakatare ya rubuta a liƙa a ƙofar masallaci. Sannan ku haɗa da takarda ta biyu a kan kwatar Kawu da rufin aji, rana ɗaya, hannu ɗaya.

Ɗan Auta: Za su amsa ta ƙwallo su ɓatar da ta kwata, ku rubuta ku ajiye.

Koci: In sun yi haka ranar rufewa ni zan karanta ta biyun a lasifika ciyaman na zaune.

Ɗan Auta: Hhhh Koci kai da ko rafali ba ka iya yi wa musu.

Kawu: Ni dai ta kwata zan sa wa hannu, ta ƙwallo ku nemi wani dattijon. Kuma in gireda ta zo ta fara bi ta layinmu.

Maman 'yan biyu: Sakatare a rubuta rumfa ɗaya ta mata ce don Allah, bara a tsaye muka kalla da goyo.

Sakatare: An rubuta Mama. Musabaƙa na cire kamar yadda Malam ya ce. Alhaji zan kawo maka takardun biyu gobe bayan la'asar ka duba mana lafazin. Wa ke da mashin ranar Litinin da safe, tawa tana wajen bakanike.