Kewar gida na neman hana ni karatu a Alƙahira, ina neman shawara

Ɗan Gusau:

Assalamu alaikum. Malamaina da yayyena, ina neman shawararku a kan wani abu da na daɗe ina jin nauyin faɗa. Na zo Alƙahira karatun Shari'a a watan Oktoba, ga shi yanzu ina cikin wata na huɗu, amma har yau zuciyata ba ta zauna ba. Mu biyar muke haya a Hayyul Ashir, dukanmu Hausawa, kuma babu wanda ya taɓa ɓata mini rai. Duk da haka, da zarar an idar da sallar isha'i sai tunanin mahaifiyata da ƙannena ya taso mini, in ɗauki waya in yi ta kira da kallon hotunan gida har ƙarfe biyun dare, da safe kuma tashi ya gagara, darasin farko ya wuce ni. Sanyin Janairu ya ƙara dagula lamarin, sannan Larabcin da nake alfahari da shi a gida bai cika yi mini aiki a kasuwa ko a mota ba, domin idan Bamisire ya yi magana sai in ji kamar wani yare ne dabam. Jarrabawar zangon farko ma na rubuta ta ne hankalina a rabe.

Shin wannan kewar tana wucewa kuwa? Kuma ku da kuka riga mu zuwa, wane hali kuka gani a wurin waɗanda suka kammala da kyakkyawan sakamako, wanda babu shi a wurin waɗanda suka koma gida hannu rabbana?

Abu Maryam:

Wa alaikumus salam, ƙanina. Shekara shida na yi a garin nan, kuma abin da kake faɗa na ɗanɗana shi, saboda haka ka daina jin kunyarsa. Sahabbai ma sun yi begen garinsu. Ya tabbata a hadisin Nana A'isha cewa da aka yi hijira zuwa Madina, zazzaɓi ya kama Abubakar da Bilal, har Bilal ya riƙa ambaton wuraren Makka cikin bege, sai Annabi (SAW) ya roƙi Allah ya sanya musu son Madina kamar yadda suke son Makka ko fiye da haka. Ka lura, ba a ce su manta da Makka ba, an roƙa musu son inda suke ne.

A nan nake ganin matsalarka take. Jikinka yana Masar, amma darenka da kunnenka da harshenka duk suna Zamfara. Zama da 'yan'uwa Hausawa rahama ce, sai dai idan ya zama daga ɗaki sai ɗaki, mutum yakan shekara huɗu a Alƙahira bai iya cinikin tumatir da kansa ba. Ammiyya, wato Larabcin da Misirawa ke yi a kasuwa da gida, ba ta kai wuyar da kake tsammani ba. Ka fara da sanin cewa jimun suna furta shi da sautin "g", shi ya sa jamal ya zama gamal, kuma yawanci suna sauke ƙafun, sai ƙalb ya koma alb. Idan kunnenka ya kama waɗannan biyun, za ka tarar da yawancin kalmomin ka riga ka san su. Ka zaɓi mai shago ɗaya da kake sayen burodi a wurinsa kullum, ka riƙa gaishe shi kana ƙara jimla guda a kowace rana.

Game da tambayarka ta biyu, ban ga ƙwaƙwalwa ce ta raba mutane ba. Na zauna da haziƙai waɗanda suka fi ni nesa ba kusa ba, amma suka maimaita aji saboda sun ajiye littafi sai saura mako biyu jarrabawa, sannan suka bi taƙaitattun bayanai suna haddacewa. Waɗanda suka fita da babban sakamako na Mumtaz ko Jayyid Jiddan kuwa mutane ne da za ka iya faɗin inda suke a kowace sa'a: bayan asuba tilawa da hadda, da hantsi aji, da yamma bita da aboki ɗaya ko biyu. Suna zama a gaba, ba sa jin kunyar cewa malam ya maimaita, kuma ba sa barin darasin yau ya kwana ba su duba shi ba. Ɗalibin da ya cika yininsa haka, gajiya kan kwantar da shi kafin tunani ya same shi.

Ina kuma ba ka shawarar ka riƙa zuwa masallacin Azhar a Darrasa, inda ake karantar da nahawu da fiƙihu da sauran fannoni kyauta. Masallacin ya haura shekara dubu, tun zamanin Faɗimiyyawa aka buɗe shi a 972, kuma daga cikin masaukan ɗalibai na da akwai wanda aka keɓe wa mutanen Barno. Tun a ƙarni na 13 ma mutanen Kanem suka ba da dukiyarsu aka gina makarantar Ibn Rashiƙ domin masu zuwa daga ƙasarsu. Waɗannan bayin Allah sun ratso Sahara ne a kan raƙuma, wasiƙa kan yi watanni kafin ta isa gida. Ni dai ranar da na san wannan na daina jin kaina baƙo kamar da. Wayar nan kuwa, ka rage kiran gida zuwa sau ɗaya a mako.

Ummu Khalil:

Malam Abu Maryam, Allah ya saka da alheri, na gamsu da duk bayaninka in ban da maganar ƙarshe. Ni uwa ce, ɗana yana shekara ta uku a can, kuma na san abin da ke faruwa a zuciyar uwa idan ɗan da ya saba kira kullum ya ɗauke ƙafa ba zato. Za ta ɗauka ciwo yake ɓoye mata, damuwarta kuma ta dawo kansa.

Ɗana, abin da ya dace shi ne ka tsayar da lokaci, ka kuma sanar da ita dalili. Agogon Masar yana gaban namu da sa'a ɗaya, idan sun sauya shi lokacin zafi ya koma biyu, don haka kira na minti goma bayan magaribarku zai same ta da sauran haske, ku gaisa ta sa maka albarka, ka ajiye waya. Babu uwar da za ta so a ce saboda ita ɗanta ya faɗi jarrabawa.

Sannan kada ka raina sha'anin abinci, domin rabin kewar gida a harshe take. Ka sa a aiko maka da kuka da daddawa da yaji ta hannun masu dawowa daga hutu. Shinkafar Masar mai danƙo ce, tana yin tuwo mai kyau. Kuɓewa tana nan, bamiya suke ce mata, mulukiyyarsu lalo ce, karkadensu kuma zoɓonmu ne. Ku riƙa yin tuwo tare ranar Juma'a, ku gayyato wani ɗalibi ɗan Indonesiya ko Bamisire ya ci.

Bazazzage:

Ƙari ɗaya zan yi, kuma ina roƙon kada a ɗauke shi da wasa. Kewa ta yau da kullum takan ragu idan mutum ya shiga jama'a ya samu abin yi. Amma idan aka wuce mako biyu kana cikin baƙin ciki kusan kullum, barci ya ƙaurace, abinci ba ya shiga, abin da kake so a da ya fita daga ranka, to lamarin ya wuce kewa, yana buƙatar likita kamar kowane ciwo. Ka faɗa wa wani babba a ƙungiyar ɗalibanku ya raka ka asibiti, addu'a da magani ba sa karo da juna. Ka kuma nemi bargo mai kauri da rigar sanyi, domin gidajen can ba su da abin ɗumama ɗaki, daren Janairu kuwa yakan sauka kusan digiri 10.

Ɗan Gusau:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Mama, na yi magana da Hajiya jiya, mun tsayar da bayan magariba, ita ma ashe kiran tsakar daren nan yana damunta, nauyin faɗa mini take ji. Alhamdu lillahi abinci ina ci, barcin ne dai nake ƙoƙarin gyarawa. Malam Abu Maryam, ina so in fara zuwa Darrasa ranar Asabar. Da nahawu ya kamata in fara ko da fiƙihu, ganin cewa zango na biyu ya kusa?