Neman kalma: me za mu kira statin da Hausa?

Mai fassara: Assalamu alaikum. Ana shirya takardar bayani da Hausa domin masu karɓar statin a asibiti, wato dangin magungunan da ke rage kwalastaral a jini, irin su atorvastatin, simvastatin da rosuvastatin. Sunaye uku ke yawo a bakin jama'a: maganin wanke jini, maganin kitse, da maganin kwalastaral. Wanne za a ɗauka? Ko akwai wanda ya fi su?

Mai harhaɗa magunguna: Wa alaikumus salam. Malam, fara cire "wanke jini". A wurin Bahaushe wanki abu ne mai ƙarewa: a sha na kwana uku ko bakwai, a ce an wanke, shi ke nan. Wanda aka ba shi maganin da wannan suna, kwali ɗaya zai shanye ya ajiye. Alhali maganin ba ya kwashe komai ya zubar. Yawancin kwalastaral hanta ce ke haɗa shi da kanta, ba daga abinci kaɗai yake zuwa ba. Aikin statin shi ne ya danne sinadarin da hanta ke haɗa shi da shi. Da hanta ta ga nata ya yi ƙaranci sai ta riƙa jawo wanda ke yawo cikin jini, musamman nau'in LDL mai maƙalewa a bangon jijiya. In aka daina sha, cikin 'yan makonni lambar awon kwalastaral za ta koma inda take.

Ma'aikaciyar jinya: "Maganin kitse" ma ba zai yi ba. Masu neman rage tumbi da 'yan mata masu son ramewa za su je kemis su saya, kuma ko kilo ɗaya ba ya ragewa. Ga siririn da LDL ɗinsa ya hau, wani ma gado ya yi, zai ce shi ina ya ga kitse. Babban abin tsoron kuwa mata ne: ba a ba mai ciki ko mai shayarwa. Wadda ke neman haihuwa ta sanar da likita tun da wuri, don akan dakatar da shi kamar wata uku kafin a nemi cikin.

Malamin Hausa: Sista ta yi gaskiya. Kitse abu ne da ido ke gani a jikin nama ko a tumbin mutum. Kalmar da ta fi kusa ita ce maiƙo, wanda ke tasowa saman romo, in ya huce ya daskare a gefen kwano. Ina ba da shawarar "maganin narkar da maiƙon jini". Ita "kwalastaral" ta shiga bakin 'yan boko, amma tsohuwa a ƙauye ba ta ji komai ba in an faɗa.

Likita: Allah ya gafarta Malam, na karɓi maiƙon jini, ban karɓi "narkar" ba. Abin da ya riga ya taru a bangon jijiya ba narkewa yake ba. Maganin yana rage saurin taruwar, yana kuma sa abin da ya tarun ya zauna daram, kada ya fashe jini ya daskare a kai ya toshe hanya, wanda shi ke kawo bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. A ce "rage", don ragin ma da ma'auninsa. Atorvastatin miligiram 40 zuwa 80, ko rosuvastatin 20 zuwa 40, suna sauke LDL da rabi ko fiye. Atorvastatin 10 zuwa 20, ko simvastatin 20 zuwa 40, suna sauke shi da kashi 30 zuwa 49 cikin 100. Wanda ya ninka ƙwayar da kansa don ya ga sauri, ragin kashi 6 cikin 100 kawai zai ƙaru da shi, ga haɗarin ciwon tsoka ya hau.

Kafin a fara ana awon maiƙon jini da na hanta, sau da yawa har da na ƙoda da sukari. Bayan wata biyu zuwa uku a sake awo. Mutum ba ya jin aikin maganin a jikinsa, takardar awo ce ke nunawa. Akwai kuma inda ko "rage maiƙo" zai iya ruɗar da mutum: wanda ya taɓa bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, da yawancin masu ciwon sukari da suka haura shekara 40, ana ba su ko lambarsu ba ta hau ba. In awo ya fito da kyau, alama ce maganin na aiki. A rubuta wannan ɓaro-ɓaro.

Ɗan Maraɗi: A nan Nijar da Faransanci ake rubuta kwalin: atorvastatine, simvastatine. Gindin kalmar ɗaya ne da na Najeriya. Me zai hana a Hausantar da ita kawai, a ce sitatin, sannan a bi ta da bayanin Malam? Kowane ɓangare zai gane. Wani ya kawo "maganin tsinka jini", amma wannan ai na su aspirin da warfarin ne.

Mai harhaɗa magunguna: Na goyi bayan sitatin a matsayin sunan dangin. Amma sunan kowace ƙwaya a bar shi yadda yake a jikin kwali, harafi da harafi, don bambancin da ke tsakaninsu ba na wasa ba ne. Simvastatin da dare ake sha, saboda ba ya daɗewa a jiki, hanta kuma da dare ta fi haɗa maiƙon. Atorvastatin da rosuvastatin kowane lokaci, muddin lokaci ɗaya ne kullum. Mai azumi ya sha bayan buɗa-baki ko kafin barci. In an manta yau, kada a haɗa biyu gobe.

Simvastatin ne kuma ya fi rigima da sauran magunguna. Ba a haɗa shi da magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su clarithromycin ko erythromycin, ko ƙwayar ketoconazole da itraconazole, ko magungunan ƙanjamau masu ritonavir, don suna hana jiki fitar da shi, ya taru ya cinye tsoka. In dole sai an sha clarithromycin na mako guda, likita kan ce a ajiye simvastatin har a gama. Mai hawan jini da ke shan amlodipine, simvastatin ɗinsa kada ya wuce miligiram 20, kuma wannan haɗin ya yi yawa a takardun marasa lafiya. Rifampicin na tarin fuka akasin haka yake yi, rage masa ƙarfi yake. Ruwan garehul ma a guje shi, lemon zaƙi dai ba laifi. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa kafin a biya kuɗi.

Ma'aikaciyar jinya: Sai alamun da za a sa cikin takardar. Kada a rubuta "ciwon jiki" kawai, don manomi da ɗan dako kullum cikinsa suke. A ce ciwo ko sanyin tsoka a ɓangarori biyu lokaci ɗaya, cinyoyi ko kafaɗu ko sha-raɓa, ba tare da an yi wani aikin ƙarfi ba. Wannan a koma wurin likita, sau da yawa rage miligiram ko sauya nau'i ke warware shi. In kuwa ciwon ya tsananta, fitsari ya koma launin baƙin shayi, ko ido ya yi ɗorawa, a daina sha a tafi asibiti a ranar, don tsokar da ta lalace tana iya taɓa ƙoda. Ba kasafai ake ganin haka ba, amma tsofaffi da masu ciwon ƙoda da masu yawan shan giya sun fi shiga haɗarin.

Mai fassara: Madalla, na gode. Layin farko zai zama: "Sitatin, maganin rage maiƙon jini, ana shan sa kullum, ba a dainawa sai da izinin likita." Saura LDL da HDL, wato ɗaya nau'in da ke kwasar maiƙo ya mayar wa hanta. Wasu na cewa mugun maiƙo da maiƙo mai kyau.

Malamin Hausa: Mugu ba da kyakkyawa yake tafiya ba, da nagari yake tafiya. In za a ce mugun maiƙo, ɗayan ya zama maiƙo nagari. Likita, kai ka san ko ɗayan ya cancanci wannan yabon.

Likita: A sa haka, amma a bar haruffan LDL a gefe, don su mutum zai nema a takardar awonsa.