Idan haske ƙwayoyi ne, me ya kawo maganar Einstein?

Mai_Nazari:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Gwajin Michelson da Morley na 1887, wanda aka yi a Cleveland ta Amurka, ya tsaya mini a rai. A lokacin an ɗauki haske a matsayin igiya mai kaɗawa cikin wani abu da ya cika sararin samaniya, ana ce masa eter. Tunda duniya tana zaga rana da gudun kusan kilomita 30 a daƙiƙa, sai suka raba haske gida biyu da madubi, ɗaya ya miƙe, ɗaya ya gitta, don su ga wanda zai riga dawowa. Ba su ga bambancin da suke tsammani ba.

To ga tambayata. In ka yi jifa daga cikin jirgin ƙasa mai tafiya, gudun jirgin yana hawa kan na dutsen. In haske ƙwayoyi ne kamar yadda Newton ya ce, ai fitilar da madubban duk tare da duniya suke tafiya, babu bambancin da za a gani. Shi kansa Einstein a 1905 ya ce ƙulli-ƙulli haske yake zuwa. Don me sai an bi ɗaya maganar tasa, cewa gudun haske ba ya canzawa, kuma ga abu mai tsananin gudu lokaci yana jinkiri, tsawo yana tsukewa?

Tsohon_Malami:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, tambayarka tana da nauyi, kuma an riga ka. Walther Ritz, wani masani ɗan Suwizalan, ya kawo wannan ra'ayi a 1908, kuma gaskiya ne yana warware gwajin Michelson tsaf. Taurari ne suka kayar da shi.

Akwai taurari tagwaye masu zaga juna. A 1913 Willem de Sitter na Holan ya ce mu ƙaddara Ritz ya yi daidai. Hasken da tauraro ya sako yana nufo mu zai fi wanda ya sako yana ja da baya sauri. Bambancin ƙanƙane ne, amma tafiyar ta ɗaruruwan shekaru ce, don haka na baya zai cim ma na gaba har ya wuce shi. Da haka ne, da mun ga zagayen a hargitse, wani lokaci ma tauraro ɗaya a wuri biyu. Ba a taɓa ganin haka ba.

Daga baya wasu sun yi ƙorafin cewa iskar gas da ke tsakanin taurari tana iya haɗiye haske ta sake sako shi, ta ɓata hujjar. Ƙorafi ne mai ma'ana. Sai a 1964 a CERN, cibiyar binciken ƙwayoyin zarra ta Turai, aka sami ƙananan ƙwayoyin da ake kira payon suna gudu da kashi 99.975 cikin 100 na gudun haske, suna fashewa su fitar da hasken gama, wani haske mai ƙarfi da ido ba ya gani. A lissafinka na jifa, ya kamata hasken nan ya kusa ninka gudunsa. Aka auna, ko gezau.

Af, Einstein bai ma ambaci sunan Michelson a takardarsa ta 1905 kan jinkirin lokaci da tsukewar tsawo ba. Da maganaɗisu da waya ya fara, don lissafin Maxwell kan lantarki da maganaɗisu ne ya dame shi.

Sai_Na_Gani:
Malam, Allah ya ƙara sani, amma ni ban gamsu ba. Tun 1983 aka ce mita ita ce tazarar da haske yake ci a kashi 1 cikin 299,792,458 na daƙiƙa. Ka auna haske da ma'aunin da aka yanko daga haske, ina za ka ga canji? Wannan ai alƙali ne kuma shi ne shaida.

Tsohon_Malami:
Ɗan'uwa, duba shekarun: 1913 da 1964 duk sun riga 1983. An ɗaure mita da haske ne bayan awon da aka yi da leza a shekarun 1970 ya yi kyau har ya zamana tsohon ma'aunin mitar ne yake kawo cikas.

Ga kuma abin da bai shafi wannan ba. Ƙwayar miyuwon, wata ƙaramar ƙwaya mai gajeren rai, tana samuwa a sama, wajen kilomita 15 daga ƙasa. Matsakaicin ranta kashi 2.2 ne cikin miliyan na daƙiƙa, wato ko da gudun haske take yi, mita 660 kawai za ta ci. Amma ga su nan birjik suna isowa ƙasa. Masana biyu, Frisch da Smith, sun ƙirga su a kan dutsen Washington na Amurka da kuma kusa da bakin teku, adadin ya dace da jinkirin lokacin da Einstein ya lissafa.

Mai_Nazari:
Na gode Malam. To a ƙarshe igiya ce ko ƙwayoyi?

Hajiyar_Lissafi:
Malam, bari in tsoma baki. Ƙanena, ƙwayar da Einstein yake nufi ba irin ta Newton ba ce: ba ta da nauyi, shi ya sa gudun fitila ba ya hawa kanta. Rage haske sosai ka tura shi ta ƙananan tsaga biyu dab da juna, irin na gwajin masani Thomas Young. A kan na'urar ɗauka ɗigo ɗaya-ɗaya zai riƙa bayyana, can ɗaya, nan ɗaya, ba tsari. Ka ƙyale su su taru, sai ga zane-zanen haske da duhu irin na igiya. Ka toshe tsaga ɗaya, waɗannan zane-zanen su ɓace.