Manhajata na daskarewa in na danna maɓalli, exe ɗin kuma ya ƙi tashi a wata kwamfuta

Ɗan_Koyo ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu hannu a Python ku taimaka min, abin nan ya ishe ni wallahi. Na rubuta wata 'yar manhajar kwamfuta da Tkinter, kayan Python na gina taga da maɓallai, aikinta kawai ta karanta fayil ɗin CSV mai sunayen mutane ta zuba su cikin rumbun bayanai na SQLite sannan mutum ya iya bincika suna ko ya gyara. Da ƙaramin fayil lafiya lau take yi, amma da zarar na ba ta babba sai taga ta yi fari fat, a sama a rubuta Not Responding, sandar ci gaban da na saka ko motsi ba ta yi, sai can bayan an gama komai ta yi tsalle daga sifili zuwa 100 lokaci guda. Wanda na ba ya gwada min kashe ta ya yi don ya ɗauka ta mutu.

Na biyu, na mayar da ita exe, wato fayil ɗin da ake dannawa ya tashi a Windows, da PyInstaller, na sa --onefile (komai a fayil ɗaya) da --windowed (kada baƙin allo ya fito), a kwamfutata tana tashi amma a ta abokina in ya danna sai linzami ya ɗan yi juyi shikenan shiru, babu taga babu saƙon kuskure babu komai. Ta ina ma zan fara?

Saurin_Hannu ya amsa:

Wa alaikumus salam. Na farkon mai sauƙi ne ai, cikin zagayen da kake zuba layukan ka sa root.update() bayan kowane layi, za ka ga sandar na tafiya kuma farin nan ya daina. Na biyun kuma ka duba ko antibairos ne ya cinye maka shi, suna yawan yi wa exe ɗin PyInstaller haka.

Tsohon_Hannu ya amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam Saurin_Hannu, abin da ka faɗa zai yi aiki a ido, amma ni ba zan ba ɗan koyo wannan shawarar ba, bari na faɗi dalili.

Ƙanena, fara gane abin da ke faruwa tukuna. Wancan mainloop() da ka rubuta a ƙarshen kod ɗinka ba ado ba ne, zagaye ne da ke zaune yana karɓar saƙonni daga Windows, an motsa linzami, an danna maɓalli, a sake zana taga, da sauransu. Kuma zare ɗaya tak (thread, wato hanyar aiki guda a cikin manhaja) ke wannan aikin. In ka danna maɓalli wannan zaren ne dai ke shiga cikin fankshin ɗinka, kuma ba zai koma karɓar saƙo ba sai fankshin ɗin ya gama. Kamar ma'aikaci ɗaya ne a ofis, shi ke amsa sallama shi ke rubuce-rubuce, in ya duƙufa kan takardu duk wanda ya ƙwanƙwasa sai dai ya yi ta tsayuwa. Windows in ya ga kusan daƙiƙa 5 taga ba ta karɓi saƙo ba sai ya lulluɓe ta da farin nan ya ce ba ta amsawa. Manhajar ba ta mutu ba, aiki take. Sandar ma ka canja mata lamba da gaske, wanda zai zana ta ne ba shi da sukuni.

Matsalar update() ita ce a tsakiyar aikinka yana buɗe ƙofa ga duk wani dannawa. Mutum ya ƙagu ya sake danna maɓallin, fankshin ɗin ya sake farawa a cikin kansa alhali na farko bai gama ba, sunaye su shiga sau biyu. Ko ya rufe taga a tsakiya sai TclError ya fito yana cewa an riga an rusa abin da kake son taɓawa. Irin kuskuren da ba ya fitowa a hannunka sai a hannun mai amfani.

Abin da za ka yi, aikin mai nauyi ka kai shi wani zare daban da threading, amma da sharaɗi ɗaya wanda shi ne mutane ke karyawa kullum: wancan zaren kada ya taɓa komai na taga, ko lakabi ko sanda ko akwatin saƙo. Ya riƙa jefa labari cikin layin jira (queue), babban zaren ya riƙa leƙawa yana ɗauka. Ga fasalinsa:

```
layi = queue.Queue()

def aiki():
    # nan ake karatu da zubawa
    layi.put(kaso)

def duba_layi():
    while not layi.empty():
        sanda["value"] = layi.get()
    root.after(100, duba_layi)
```

after ɗin nan yana nufin bayan milisakan 100 a sake kiran duba_layi, kuma babban zaren ne zai kira shi don haka babu rigima. Ka kashe maɓallin da zarar aiki ya fara, ka kunna shi in saƙon gamawa ya iso. Ba Tkinter kaɗai ke da wannan doka ba, Qt haka, WinForms haka, Swing na Java haka, sunan hanyar aika saƙon ne kawai ya bambanta.

Ɗan_Koyo ya amsa:

Allah ya saka da alheri yallaɓai, na gwada kuma farin ya daina, har ina iya jan taga ana cikin aiki. Sai dai yanzu wani sabo ya fito, yana cewa SQLite objects created in a thread can only be used in that same thread. Na ga wasu na cewa a sa check_same_thread=False shikenan, in sa? Kuma har yanzu zubawar na ɗaukar lokaci sosai, daskarewar ce kawai ta tafi.

Tsohon_Hannu ya amsa:

Kar ka sa. Wannan kashe ƙararrawa ne kawai, bayan ka kashe ta kai ne za ka tsare kada zare biyu su yi rubutu lokaci ɗaya. Ka buɗe sabon haɗi da sqlite3.connect a cikin aiki() ɗin kansa, ka rufe shi in ya gama, kowane zare da nasa.

Jinkirin kuma ina kyautata zaton commit, wato tabbatar da ajiya, kake yi bayan kowane layin CSV. Kowane commit sai SQLite ya jira faifai ya tabbatar masa an rubuta, to ka lissafa hakan sau dubbai. Tara layukan ka zuba da executemany, commit ɗaya a ƙarshe ko bayan kowane layi 1000 in kana son sandar ta riƙa motsi, za ka sha mamakin bambancin. Ka dai lura, in zaren aiki ya riƙe rumbun yana rubutu kuma babban zaren ma ya zo zai rubuta, zai jira daƙiƙa 5 sannan ya ce database is locked, kuma a cikin jiran nan tagarka ta sake daskarewa. Don haka maɓallin gyara ma a kashe shi har a gama.

'Yar_Kod ta amsa:

Sannunku. Ni kan exe ɗin zan yi magana tunda Malam ya gama da na farko.

Ɗan'uwa shirun nan da kake gani ba wai babu kuskure ba ne, akwai, kai ne ka toshe masa baki da --windowed. Sake haɗa shi ba tare da wannan ba, ka kai wa abokinka, kada ya danna shi da linzami, ya buɗe cmd, allon rubuta umarni na Windows, ya rubuta sunan exe ɗin daga can don baƙin allon ya tsaya a karanta. Kafin ka yi wannan duk abin da za mu faɗa hasashe ne, har da maganar antibairos. Amma ga inda na fi zargi.

Hanyar fayil. In a kod ɗinka akwai irin C:\Users\sunanka\Desktop to ka ga a kwamfutarsa babu wannan foldar. In kuma ka rubuta "tambari.png" zalla, Python zai neme shi ne a foldar da aka tashi manhajar daga ciki, wadda ba lallai ta zama inda exe ɗin yake ba, kuma PyInstaller ba ya ɗaukar hotuna da kansa sai ka gaya masa da --add-data. Shi --onefile abin da yake yi duk lokacin da aka danna shi sai ya kwance kayansa a wata foldar wucin gadi mai suna da ya fara da _MEI, hanyarta na cikin sys._MEIPASS, daga nan za ka ɗauko hotunanka. To nan ne tarkon da ya fi ciwo yake, foldar nan gogewa take in an rufe manhaja. In rumbun bayananka a gefen __file__ kake ajiye shi to cikinta yake shiga, mutum ya wuni yana shigar da sunaye ya rufe ya buɗe ya tarar babu ko ɗaya. Cikin Program Files ma kar ka ajiye, Windows ba ya barin mai amfani na yau da kullum ya yi rubutu a can. Ɗauko os.getenv("APPDATA"), wato foldar da Windows ya ware wa manhajoji don ajiye bayanan mai amfani, ka buɗe wa manhajarka folda a ciki, rumbun ya zauna can.

Ka kuma tambaye shi wane Windows ne a kwamfutarsa. Python 3.8 ne na ƙarshe da ke tafiya a Windows 7, in da 3.9 zuwa sama ka haɗa ba zai tashi ba. Haka exe na 64-bit ba ya tashi a kan Windows na 32-bit.

Wani abu kuma tunda sunayen mutane kake karantawa, duk inda ka rubuta open ka sa encoding="utf-8" da hannunka. In ba ka sa ba Windows na ɗaukar tsohon tsarinsa, sau da yawa cp1252, wanda bai san ƙ da ɗ da ɓ ba, wajen rubutu ya jefo maka kuskuren charmap, wajen karatu kuma ya fi muni don sau da yawa ba zai yi ƙorafi ba, zai dai cika maka rumbu da haruffan banza. In daga Excel aka fitar da CSV ɗin a matsayin UTF-8 sa utf-8-sig, don akwai wata alama ɓoyayya da yake maƙalawa a farkon fayil da ke ɓata sunan ginshiƙin farko.

Saurin_Hannu ya amsa:

To na ji, amma fa don ɗan aikin daƙiƙa biyu ni har gobe update_idletasks() nake sawa, ba kowane abu ne sai an tayar masa da zare ba.

'Yar_Kod ta amsa:

Wannan daban ne ai Malam, shi zane kawai yake sabuntawa ba ya karɓar dannawa, don ɗan gajeren aiki ba laifi. Amma ba zai hana farin nan fitowa ba in aikin ya yi tsawo.

Ɗan_Koyo ya amsa:

Malama kin canka. Mun tashe shi ta cmd ya nuna TclError, bai ga tambari.ico ba, a wajena yana tashi ne saboda hoton na zaune a folda ɗaya da exe ɗin. Na gyara da _MEIPASS, rumbun ma na mayar da shi APPDATA, yanzu yana buɗewa a wajensa. Saura abu ɗaya, in na mayar da --windowed gobe wani kuskuren ya faru a hannun wani yaya zan sani?

Tsohon_Hannu ya amsa:

Da logging, wato rubuta kurakurai a fayil, fayil ɗin ya zauna gefen rumbun a APPDATA. Amma ka sani kuskuren da ya faru cikin fankshin ɗin maɓalli Tkinter ne ke cafke shi ya buga a baƙin allon da yanzu babu shi, don haka ka maye gurbin root.report_callback_exception da naka fankshin da zai rubuta a fayil ya kuma nuna wa mutum ɗan saƙo. Cikin aiki() ma ka nannaɗe komai da try, in ya faɗi ya rubuta da logging.exception sannan ya jefa saƙon gazawa cikin layi, in ba haka ba zaren zai mutu shiru, sandar ta tsaya a rabi, maɓallin ya zauna a kashe. Ka kuma bi kod ɗin ka cire duk inda kake kiran sys.stdout kai tsaye, a yanayin --windowed babu shi. In ka gama turo mana aiki() ɗin mu gani, ina son ganin inda ka sa commit ɗin.